Shekara Uku Ba Aiki a Jidda: Yadda Zaman Jira Ya Zame wa Wani Magidanci Bashi

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne haifaffen Jidda, ya ba shekara arba'in baya, yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. An sallame shi daga aiki a farkon 2019, bai sake riƙe albashi a hannunsa ba sai tsakiyar 2022. Ya amince a ba da labarinsa da sharaɗin a sakaya sunansa da na inda ya yi aiki, saboda haka maigidan kawai zan riƙa ce masa. Abin da ya sa na ɗauki lamarinsa shi ne babu inda za a kama shi da laifin da aka saba ɗora wa marar aiki. Ba rago ba ne, ba almubazzari ba ne, kuma ranar da aka sallame shi takardunsa da na iyalinsa duk da ransu. Amma sai da gidan ya rabu biyu, rabi a Jidda rabi a Kano, kafin ya sake miƙewa.

Mahaifinsa ya zo sauke farali daga ƙasar Kano a shekarun 1970 ya yi zamansa, kamar sauran takari da suka cika Karantina da Gulel da Sabil a Jidda, da Shara Mansur a Makka. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Irin su maigidan, waɗanda ake kira mawalid, fasfon Najeriya suke riƙewa, da igama suke zaune, wato katin izinin zama, kuma dole kowannensu ya kasance ƙarƙashin wani kafili, wato mutum ko kamfanin da ya tsaya masa a wurin hukuma. Larabcinsa na Hijaz ne tsantsa, in yana magana a waya ba mai cewa baƙo ne. Zuwansa Kano kuwa bai wuce na gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure ba. Duk wanda ya ce masa "ka koma gida mana", garin da bai san hanyar kasuwarsa ba yake nuna masa.

Yadda aikin ya tafi

Shekara 14 ya yi yana tsaron kanta a wani shagon kayan gyaran mota, albashinsa na ƙarshe riyal 3,000. Ya haddace lambobin kaya. Makanike zai kawo masa guntun ƙarfe a leda, ya juya shi sau ɗaya ya faɗi motar da shekarar da aka ƙera ta.

Abin da ya ci aikin ba daga cikin shagon ya taso ba. Tun 2011 gwamnati ta kafa tsarin Niɗaƙat, wanda ke auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasan da ya ɗauka. Da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, aka ƙaddamar da shirin Ru'uya 2030 a Afrilun shekarar, sai aka shiga ware sana'o'i ɗaya bayan ɗaya ana cewa na 'yan ƙasa ne. Shagunan wayar hannu suka tafi tun 2016. A farkon 2018 ma'aikatar ƙwadago ta sanar da wasu nau'o'in shaguna 12, aka raba su zango uku. Kayan gyaran mota suna zangon ƙarshe, na Janairun 2019, tare da kayan gini da darduma da kayan asibiti da kayan zaƙi. An sassauta dokar zuwa kashi 70 cikin 100, amma a shagon da mutum uku ke tsaron kanta, gurbin baƙo guda ɗaya ne ya rage, kuma mai shago ya riƙe wanda ya fi arha.

Ba adalci ba ne a ba da wannan labari kamar gwamnati mugunta ta tashi yi. A 2018 rashin aikin yi tsakanin 'yan ƙasar ya kai kashi 12.9 cikin 100, akasari matasa, kuma kowace hukuma nata take fara dubawa. Abin lura shi ne ranar da wannan shago ya rufe masa ƙofa, ranar ce duk shago irinsa a faɗin ƙasar ya rufe masa. Maigidan ya ɗauka wurin aiki ya rasa, sai da shekara ta zagayo ya gane sana'ar ce gaba ɗaya ta suɓuce masa.

Mai shagon bai danne masa haƙƙin ƙarshen aiki ba. Dokar ƙwadago ta ce rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan nan. Shekara 14 ta ba shi riyal 34,500. Sannan ya yi masa abin da kowa a unguwa ya kira alheri: zai bar shi a kan kafalarsa har ya samu wani wuri, ba zai buga masa huruj ba, wato bizar ficewa daga ƙasar, ba zai rubuta masa hurub ba, wato rahoton cewa ya gudu daga aiki, amma kuɗin sabunta igama maigidan ne zai nemo. A doka wannan kuɗi a wuyan mai ɗaukar aiki yake. Yadda ake yi a ƙasa kuwa kowa ya sani. Inshorar rasa aiki ta Sanid, wadda aka fara a 2014, ta 'yan ƙasa ce kawai, don haka abin da ya fito da shi daga shagon shi ne duka abin da yake da shi.

Kuɗin wata ɗaya na jira

Nan gizo ke saƙar. Marar aiki a Kano in ya zauna wata guda, albashin watan ya rasa. Marar aiki mai igama a Jidda in ya zauna wata guda, ya rasa albashi kuma an rubuta masa bashi. Tun Yulin 2017 aka sa kuɗin murafiƙai, wato abin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarka. An fara da riyal 100 a wata, ya koma 200 a Yulin 2018, 300 a Yulin 2019, 400 a Yulin 2020. Mutum biyar ne a ƙarƙashin maigidan. Ga kuma kuɗin maktabul amal, wato na ofishin ƙwadago da ake biya kan ma'aikaci baƙo, a kansa shi kansa, riyal 500 ko 600 a wata a 2019, 700 ko 800 daga 2020, gwargwadon yawan 'yan ƙasa a kamfanin. Sai riyal 650 na igamar, sai inshorar lafiya wadda ba a sabunta igama sai da ita. Kamar mutum ne ya tsayar da tasi a ƙofar gida ya shiga ciki neman kuɗin mota: direba bai ce uffan ba, amma mita tana tafiya.

Sabuntawa ta riske shi a tsakiyar 2019. Na murafiƙai kaɗai riyal 18,000, da aka haɗa da sauran abin ya haura 26,000. A lokacin ya riga ya ci wani abu daga kuɗin sallamar, don haka biyan ya kusa share asusun.

Uwargida ce ta fara ganin abin. Ta ce masa, "Abban yara, wannan 18,000 da za a zuba don mu zauna shekara ɗaya, a Kano ai jari ne."

Ya ce, "Wata uku kawai nake nema. In Allah ya yarda kafin a sauko daga Arfa na samu wuri."

A ganina a wannan zama ne lamarin ya karkace. Ba ina cewa tafiyar iyali a ranar ita ce daidai ko ta halin ƙaƙa ba, domin dalilansa masu nauyi ne. Yaran a makarantar gwamnati suke, da Larabci suke karatu. Kabarin mahaifinsa a nan yake. Kuma ya san wani abu da masu ba shi shawara daga nesa ba su sani ba: iyalin da aka yi wa hurujin ƙarshe, dawo da su sai da sabuwar biza, ita kuma ba kowace sana'a ake ba wa ba. Matsalar ita ce bai taɓa zama ya ce wa kansa "in wata kaza ya cika ban samu aiki ba, ga abin da za mu yi" ba. Ya yi shirin zaman wata uku, da suka ƙare ya sake yin na wata uku, haka har shekara ta uku. Jita-jita ma ta taimaka. Kowane 'yan watanni sai saƙo ya zagaya a WhatsApp cewa Sarki zai janye kuɗin murafiƙai a azumi, ko a ranar ƙasa ta 23 ga Satumba. Dattawan majalisa su ce a yi haƙuri. Haƙurin kuwa riyal 1,500 yake ci a wata, daga baya 2,000.

Neman aikin

Wanda bai gani ba zai ɗauka zama ya yi. A shekarar farko kusan kullum da safe yana kan hanya da fayil ɗinsa, daga shagunan kayan mota zuwa rumbunan ajiya na kudancin gari. Da dare yana bin tallace-tallacen shafin intanet na Haraj da zaurukan WhatsApp. Amsa iri biyu yake samu. Ko a ce gurbin na 'yan ƙasa ne, ko a ce ana son mai igama mai rai wanda za a iya yi wa naƙalin kafala, wato mayar da shi hannun sabon kafili, nan take. A na biyun ma lissafin ba ya bayansa. Wanda zai ɗauke shi zai biya kuɗin naƙali, riyal 2,000 a karon farko, 4,000 a na biyu, 6,000 a na uku, sannan ya ɗauki kuɗin maktabul amal na kowane wata. Ga magidanci mai neman 3,000, ga saurayi sabon zuwa da zai karɓi rabin haka ya kwana a ɗakin kamfani. Sana'ar da aka rubuta a igamarsa ma ta mai sayarwa ce, wato ainihin wadda aka toshe.

A nan ne wani dillali ya same shi, ya ce akwai kamfanin da zai ɗauke shi a takarda kawai, ya canza masa sana'a, shi kuma ya je ya nemi na kansa. Ya karɓi riyal 3,000 na somin taɓi, bayan 'yan makonni layinsa ya daina shiga. Babu inda za a kai ƙara, tunda abin da aka ƙulla shi kansa laifi ne.

An yi ta yi masa gori cewa girman kai ne ya hana shi karɓar gadin bene ko lodi a rumbu tun farko. Akwai ƙamshin gaskiya, don ya taɓa cewa, "Ni da na yi shekara 14 a kanta zan koma wankin mota?" Amma in aka yi lissafi, gorin bai cika zama daidai ba. Albashin mai gadi ko lebura ko kuɗin murafiƙan mutum biyar ba zai rufe ba, balle haya da cefane. Da ya karɓa, da ya rage wa kansa zaman banza da tunani, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma da bashin ya ci gaba da taruwa. Kasuwar aikin da ta rage wa baƙo irinsa kasuwa ce ta gwauro. Baƙi sama da miliyan ɗaya da suka bar ƙasar tsakanin 2017 da 2019 wannan lissafin suka yi suka tattara.

Sai korona ta zo. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da shigowar masu Umara, aikin Hajjin shekarar kuma aka taƙaita shi ga mutane ƙalilan na cikin gida. Duk ɗan abin da takari ke samu a lokacin alhazai, na ɗaukar kaya da rakiya da 'yan saye-saye, ya tsaya cak. A Afrilu aka sa dokar hana fita ta dare da rana a wasu unguwannin Jidda, har da Gulel da Bitrumin da Kilo 14. A Yuli harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15, a watan kuma kuɗin murafiƙai ya kai 400. Su kansu 'yan ƙasa rashin aikinsu ya kai kashi 15.4 a tsakiyar shekarar. Da sabuntawa ta sake zagayowa, abin da ake nema a hannunsa ya haura riyal 33,000, kusan daidai da abin da shekara 14 ta tara masa. Igama ta mutu.

Mutuwar igama tana canza komai. Banki ya daskarar da asusunsa. Tarar jinkiri ta hau, riyal 500 a karon farko, 1,000 a na biyu. Duk motar jawazat, wato jami'an shige da fice, da ta gitta sai gabansa ya faɗi. Wanda aka kama yana aiki wa kansa, tarar riyal 10,000 ce tun karon farko, sannan a wuce da shi tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Mutumin da aka haifa a garin ya koma bin lungu don kauce wa babban titi.

Abin da ya faru a cikin gida

Wannan ɓangaren ne ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi yi masa wuyar faɗa. Uwargida ta daɗe tana waina da kunun gyaɗa da ɗanwake tana sayarwa daga gida, tana kuma zuwa ƙunshi gidajen biki. Da can kuɗin kwalliyarta ne. Yanzu shi ne haya, shi ne tukunyar gas, shi ne tamis da ful na karin safe. Korona ta tsayar da bukukuwa, ƙunshi ya mutu, saura abinci.

Maigidan ya fara juya dare da rana. Ya kwana yana danna waya, ya yi asuba ya kwanta har azahar. Ya daina zuwa majalisa don gudun "ya ake ciki, an dace kuwa?" Har masallacin Juma'a ya canza. Abu kaɗan ya hau faɗa, kuma faɗan bai taɓa zuwa inda ya dace ba, a kan yara yake ƙarewa, ko a kan matar da ke ciyar da shi. Ta ce da ta ce gas ya ƙare sai ya ji kamar zagi ne, har ta koma aika babbar 'yarsu ta sayo ba tare da ya sani ba. Ciwon kai ya matsa masa, aka auna a kemis aka ce jininsa ya hau, ga inshora ta mutu tare da igama.

Abubuwa biyu ne suka hana gidan rushewa a wannan tsakanin, kuma babu wanda ya fito daga gare shi. Na farko, uwargida ko sau ɗaya ba ta fasa zubin adashinta ba, ko da za a ci shinkafa da mai da yaji. Ya sha yi mata faɗa a kan haka, yana cewa ana yunwa tana tara wa wasu kuɗi. Na biyu, yayansa da ke Makka. Da aka buɗe hanya ya zo ya same shi a kwance da hantsi, bai yi masa wa'azi ba, bai kuma kawo masa buhun shinkafa ya tafi ba kamar yadda ya saba. Ya ce a kawo takarda da biro.

"Ƙanena, nawa ake bin ka yau?"

"Yaya, ban ƙirga ba."

"To shi ne ciwon. Zauna mu ƙirga."

Wannan ne karo na farko da aka rubuta lambar a takarda, kuma aka rubuta a ƙasanta abin da za ta zama bayan wata shida da bayan shekara. Maigidan ya ce ya fi kwana biyu bai iya cin abinci ba, amma daga ranar barcinsa ya fara dawowa dare. Ban yi mamaki ba. Bashin da mutum ya ƙi kallo ya fi wanda ya rubuta tsoratarwa, ko da adadinsu ɗaya.

Fitarsa daga ɗaki kuwa ta wata ƙaramar hanya ta zo. Wani makanike Basudane, tsohon mai sayen kaya a wurinsa, ya kira shi yana neman wani ƙarfen giya na tsohuwar mota da ya ɓace a shaguna. Maigidan ya san wace mota ce ta daban ke ɗauke da irinsa sak. Ya tafi tashlihin Biriman, inda ake fasa matattun motoci, ya samo shi da rahusa, aka ba shi na goro. Makanike ya gaya wa makanike. Kafin 'yan watanni ya zama wanda ake kira in kaya ya gagara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma kasada ce ga mai matacciyar igama, ba zan ce wa kowa ya bi ba. Amma ta ba shi dalilin tashi da safe, ta kuma mayar da sunansa bakin mutanen da ke da gurabe a hannunsu, abin da fayil da takardar neman aiki suka kasa yi.

Rusau

A ƙarshen 2021 aka fara rusa tsofaffin unguwannin Jidda, Gulel da Bitrumin na cikin na farko, sauran suka biyo baya a 2022. Aka fesa jan rubutu a bangon gidan da suke haya. Diyya ta masu gini ce, ɗan haya baƙo kayansa kawai zai kwasa. Haya ta yi tsalle a sauran unguwanni saboda kowa na nema lokaci ɗaya, kuma mai gida ba ya son ƙulla kwangila da wanda katinsa ya mutu. Shawarar da aka yi shekara biyu da rabi ana ɗagawa, katafila ta zo ta yanke mata rana.

Hanya uku ce a gabansu. Su miƙa kansu a kai su tarhil, a ɗauki basmarsu, wato zanen yatsunsu, su sauka Najeriya ba bashin kowa amma shi ma ƙofar dawowa aiki ta rufe. Ko a ci bashi a sabunta wa kowa, mita ta ci gaba da tafiya a kan 2,000 a wata. Ko a biya abin da ya taru, a yi wa iyali hurujin ƙarshe cikin mutunci, shi ya tsaya shi kaɗai. Abin da ya taru na murafiƙai na wata 18 riyal 36,000 ne, kuma ba a ba da hurujin sai an biya.

Ta uku suka ɗauka. Gwal ɗin auren uwargida ya tafi. Kwasar adashi ta faɗo kanta, wannan da aka yi ta faɗa a kansa. Yaya ya ba da rance, wani Alhaji daga cikin Hausawan da suka samu takardar ɗan ƙasa tun da daɗewa ya cika saura da zakka. Da sun tafi a tsakiyar 2019, da wannan 36,000 ba ta taso ba, da 18,000 ɗin farko ma tana hannu. Riyal 54,000 ke nan aka biya wa zaman da daga ƙarshe bai hana tafiyar ba. Uwargida ba ta taɓa yi masa wannan lissafin a fuska ba. Shi ya yi wa kansa, kuma shi ya ce in rubuta.

Yadda aikin ya samu

Da nauyin mutum biyar ya sauka, sai ya zama irin ma'aikacin da kasuwar ke iya ɗauka. Wasu sauye-sauyen doka ma suka yi masa rana, waɗanda ya daɗe bai bi diddiginsu ba saboda ya ɗauka duk sabuwar doka duka ce. Daga 14 ga Maris 2021 aka sassauta canjin wurin aiki ga ma'aikatan kamfanoni ta dandalin intanet na Qiwa, ban da masu aikin gida da direbobin gida. Wanda igamarsa ta mutu a hannun kafili yana iya komawa wani wuri ba sai da yardar kafilin ba. An kuma ba da damar biyan kuɗin igama wata uku-uku maimakon shekara a dunƙule. Wanda ya fi yi masa amfani shi ne rangwamen da aka yi tun 2020 ga ƙananan wurare masu ma'aikata tara ko ƙasa da haka: in mai wurin da kansa yake tsaye a kan aikin, ana yafe masa kuɗin maktabul amal na baƙi biyu, ko huɗu in ya ɗauki wani ɗan ƙasa.

Wani ɗan ƙasa mai ƙaramin gareji a Sana'iyya, unguwar garejoji, wanda ya sha amfana da zirga-zirgarsa ta tashlihi, yana da irin wannan gurbi. Aka zauna da tsohon kafili aka daidaita kan abin da ya taru, aka yi naƙali, aka canza sana'ar da ke kan katin. Albashi riyal 2,200, ƙasa da na 2019, kuma yanzu hannunsa cikin baƙin mai yake. Ɗaki ɗaya suke haya su uku. Duk kamfanonin da ya yi shekaru yana kai wa fayil manya ne da matsakaita, waɗanda kowane baƙo ke ci musu kusan riyal 10,000 a shekara kafin albashi. Wurin da ke iya ɗaukarsa ƙaramin gareji ne da bai taɓa kawowa a ransa ba.

A Kano kuma wani babi ne. Yaran sun yi zarra a Islamiyya, har malamai na sa su jan baƙi, amma a boko an mayar da biyu baya da aji saboda Turanci. 'Yan unguwa na tsokanarsu da 'yan tikari, ƙaramin ya yi watanni yana tambayar yaushe za a koma gida, yana nufin gidan da katafila ta riga ta share. Uwargida ta kama sayar da abaya da turare da dabino, maigidan na aiko mata ta hannun masu dawowa daga Umara. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka da aka saki naira a Yunin 2023 abin da yake aikowa ya ƙaru a lissafin naira, sai dai cire tallafin mai da tsadar abinci sun lashe mafi yawan ƙarin. Tun da aka tsawaita bizar Umara zuwa kwana 90 a 2022, ta hanyar nan take zuwa ganinsa, a matsayin baƙuwa.

A Maris 2024 ministan kuɗi Muhammad al-Jad'an ya ce ana sake duba batun kuɗin murafiƙai. Maigidan ya tura mata labarin a daren. Ta amsa masa cewa ko an janye gobe, sana'ar da ke kan igamarsa ba ta ba shi damar ɗauko iyali, kuma ita ba za ta sake cire yara daga makaranta a kan "an ce" ba. Abin da take so shi ne ya gama biyan Yaya, ya tara abin da zai kama rumfa a Ƙofar Ruwa, inda ake cinikin kayan gyaran mota, tunda abin da ya sani ke nan kuma can ba mai tambayarsa igama. Shi kuma yana cewa motocin Kano ba su ne na Jidda ba, bai san dillalan kasuwar ba, bai san wa ake ba bashi wa ake hanawa ba, kuma yana tsoron ya zuba guminsa a inda za a gan shi baƙo karo na biyu. Yaya yana bayan uwargida. An tsayar da cewa in ya samu hutu zai je ya yi wata guda a rumfar wani ɗan uwan matar yana kallon yadda ake ciniki, kafin a sake zama kan maganar.